Ajiyar Rufa'i Mai Talabijin

Bango ɗaya ne tsakanin shagona na ɗinki da shagon Rufa'i mai talabijin, nan bakin titin da ke shiga Yelwa a garin Mubi. Fiye da shekara ashirin yana jin ƙarar kekena, ni kuma ina shaƙar hayaƙin dalmarsa har na saba. Don haka in na ce na san mutumin nan, ba sanin shanu nake nufi ba. Sunana Mu'azu tela, amma labarin nasa ne.

A shekarar da aka ƙirƙiro jihar Adamawa ya buɗe shagon. Kakansa ne ya taso daga wajen Kazaure da fataucin fata, ya ga Mubi ta yi masa, ya ajiye sandarsa. Shi Rufa'i bai gaji fata ba. Gyaran rediyo ya koya, daga nan ya faɗa wa talabijin. A zamanin talabijin mai tozo ce, sai ƙarti biyu sun ciccibo ta suna nishi, kuma gida ɗaya ke da ita a layi, yaran unguwa duk su tare a tsakar gidan. In an kawo masa gyara, yakan jingina wani tsagin madubi a gabanta, ya koma ta baya yana tona cikinta yana duba hoton ta madubin. Ba ya magana in yana aiki. Ko gaishe shi ka yi, sai dai ya ɗaga maka sukudireba, ita ce amsarka.

Abin da kowa ya san shi da shi, tsoron kayan mutane. In ya canza wani abu da ya ƙone a cikin akwati, sai ya ƙulle ƙonannen a leda ya miƙa wa mai shi, don kada gobe a ce ya yi musanye. Na sha ce masa wannan wahalar da kai ce. Mu teloli kowa ya san ƙyallen da ya rage namu ne, kuma ba a taɓa kai ɗayanmu gaban alƙali a kansa ba. Sai ya ce shi da sunansa yake cin abinci, ranar da sunan ya ɓaci sai ya rufe shago.

Da filasma ta shigo gari, Rufa'i ya ƙi jininta. Mu nan duk talabijin mai shafaffen baya filasma muke ce mata, ko wane ne ya ƙera ta. 'Yan kasuwar shanu ne suka fara kawo ta, sai manyan ma'aikata, sai kowa ya ce shi ma. Rufa'i ya buɗe guda ɗaya, ya daɗe yana kallon cikinta, ya mayar ya rufe. Ya ce wannan ba a gyara ta, sai dai a cire allo a sa allo, aikin da ko ni tela zan iya. Ya yi ta mita wajen shekara biyu, masu tozo suna ta raguwa a shagon, har ta kai ga wata rana yana zaune daga safe zuwa la'asar ba wanda ya leƙo sai mai neman batir. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Ya sayar da wata gonar gado da ke hanyar Maiha, ya fara saro filasma daga Kano da Onica.

Allah ya sa masa albarka a ciki, duk da bai taɓa son sana'ar ba. Masu saye suna ba shi haushi. Mutum ba zai tambayi ingancin kaya ba, sai ya tambayi inci nawa maƙwabcinsa ya saya, ya ce a ba shi wadda ta fi. Ya kai gida ya haɗa da tsohuwar eriyarsa mai kama da ƙashin kifi, hoto ya fito da yayyafi, washegari ya dawo yana faɗa wai an ce masa har gumin ɗan ƙwallo ana gani. Sai Rufa'i ya zaunar da shi ya yi masa bayanin dish da dikoda, kamar mai karanta wa yaro allo. Ledar fuskarta kuwa ba mai cirewa, takardar kamfani ma tana nan manne a kusurwa shekara da shekaru, don baƙo ya san sabuwa aka saya. Mutanen Kamaru suna zuwa ranar kasuwa su ɗaura a bayan babur. Kayan ɗakin amarya ma ya zama ba ya cika sai da ita.

Sharaɗi ɗaya yake gindaya wa mai saye, shi zai je ya kafa ta a bango da hannunsa. Ya ce bulon garin nan yashi ya yi masa yawa, wanda bai sani ba zai huda ya ɗaura, bayan wata guda kaya su rikito ƙasa a ce Rufa'i ya sayar da jabu. Yakan ƙwanƙwasa bangon yana saurare kafin ya huda, in ya gama ya nemi tsintsiya ya share garin simintin da ya zuba. Ta haka ya san falon rabin gidajen Yelwa da Lokuwa da Nassarawo.

Cikin masu hulɗa da shi ba wanda ya kai Andrawus daɗewa. Malamin sakandare ne, mutumin duwatsun Michika, gidansa a Lokuwa, dattijo ne kuma a cocinsu, irin wanda in ya yi magana Musulmi da Kirista suke yarda. Tun talabijin ɗinsa mai baƙi da fari Rufa'i ke gyara masa. Ya daɗe yana cewa shi da mai tozonsa mutu ka raba, sai da mahaifinsa, Baba Elkana, ya tsufa ya sauko daga ƙauye ya tare a wurinsa, ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Don tsohon ya riƙa ganin wani abu Andrawus ya sayi mai inci talatin da biyu. Rufa'i ya je ya kafa ta, ya riƙa komawa gyaran dish duk lokacin da iska ta karkatar da shi. Suka zama abokan wasa da tsohon. Baba Elkana yana kiransa likitan akwati, shi kuma yana ce masa angon Lokuwa.

Sai aka zo ƙarshen damina a 2014, ranar da mutanen nan masu bindiga suka shigo gari. Ba na son dogon bayani a kan ranar, duk wanda ya gudu ya san abin da ya gani. Ni da iyalina da ƙafa muka nufi iyakar Kamaru, keken ɗinkin na bar shi da rigar wani a ƙarƙashin allura. Rufa'i ya tura matarsa da 'ya'yansa tare da mu, shi ya tsaya. Mahaifiyarsa Inna Hajjo ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tashi ba ta zama, ba kuma abin hawa. Ya ce in mutuwa ce ta same su tare.

Abin da ya faru bayan tafiyarmu daga bakinsa na ji. Da ƙura ta ɗan lafa, waɗanda suka rage suka fara fitowa neman abinci da ruwa. Ya ga gidaje a ɓalle. Ba duka masu bindiga suka ɓalle ba, akwai 'yan gari da suka ga banza ta faɗi. Ya wuce wani gida ya hangi filasmar da ya kafa da hannunsa an fizgo ta da ƙarfi, ta tsage, an yar a ƙofa. Ya ce abin ya tsaya masa a rai. A al'adarmu, in gidan maƙwabci ya buɗe ba ya nan, kana kwashe masa abin da za ka iya ka ajiye har ya dawo. Shi kuwa duk wanda ya taɓa saya a wurinsa maƙwabci yake ɗaukarsa. Sai ya ari baro, ya shimfiɗa tsohuwar katifa a ciki, ya riƙa bin gidajen da ya sani da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa. Inda ya tarar da ƙofa a ɓalle kuma filasma na nan, ya kwance ta a hankali, ya ƙulle notunanta a leda ya ɗaure a bayanta, ya rufa buhun gawayi a sama, ya turo gida. Ba ya sallama, ba ya tari, takalmi ma cirewa yake, don a kwanakin nan murya tana iya jawo wa mutum ajali. Har Lokuwa ya je. Gidan Andrawus ya tarar an karya ƙofar, an tafi da babur da buhunan masara, filasma kuwa tana bango. Ya kwance ta ya fito. Kafin sojoji su karɓe garin, ɗakin matarsa ya cika da kayan mutane jingine da juna.

Da muka dawo, kowa ya shiga gidansa ya fito da jan ido. Wanda aka kwashe wa kaya yana neman wanda zai ɗora wa laifi, masu bindiga kuma ba sa nan balle a tambaye su. Sai ido ya koma kan waɗanda suka zauna. Me ya zaunar da su, me suka ci, da wa suka yi hulɗa. Ana cikin haka wani ya ce ya ga Rufa'i yana fitowa daga gidan mutane da baro. Ba ƙarya ya yi ba, ya gan shi.

Rufa'i bai jira an tambaye shi ba. Tun makon farko ya fara mayar da kaya, gida gida, ya kafa kowace a ramukanta na da, ya kunna a gaban mai ita. Na ɗauka za a yi ta sa masa albarka. Wasu sun sa, tsakani da Allah. Amma da yawa sun karɓa suna godiya da baki, ido kuma yana tambaya. Wannan ya ce firjinsa fa, wancan ya ce akwatin zannuwan matarsa fa, tunda ka shiga ai ka gani. Wasu suka ce don ya ji sojoji suna bincike ne ya fito da su, da garin ya daɗe a hannun mutanen nan da tuni sun tsallaka Kamaru. Na yi faɗa da mutane a kan wannan har muryata ta dushe. Sai a ce mini ruwa ba ya tsami banza. Na gaji, na koma kan kekena.

Shekarun da suka biyo baya, ba a taɓa cinikin filasma a Mubi kamar su ba. Duk wanda ya rasa tasa yana son maye gurbi, farashi ya sauko, sababbi sirara masu hoto tar suka cika kasuwa, matasa suka buɗe shaguna suna kunna goma a jere da janareta. Rufa'i yana zaune yana kallon masu keke napep suna wucewa da kwalaye daga shagunan wasu. Ba wanda ya fito ya kira shi ɓarawo. Kawai dai mutane sun daina son ya shiga falonsu, shi kuma ba ya sayarwa sai ya shiga. Inna Hajjo ta rasu a tsakanin nan. Ya rame, gemunsa ya yi fari, ya koma gyaran rimot da caja.

Kaya ɗaya ya rage a hannunsa, na Andrawus. Gidan Lokuwa yana rufe da sabon kwaɗo, aka ce iyalin suna Yola, aka ce kuma Baba Elkana ya rasu a can. Rufa'i ya kira lambar Andrawus ba adadi, ba a ɗauka. Ya aika da ta'aziyya ta bakin direbobi, ya aika cewa ajiya tana nan lafiya. Shiru. Wannan shirun ya fi maganganun gari ci masa rai. Ya nannaɗe filasmar da bargo ya jingine ta bayan kantar shagon, lokaci lokaci ya fito da ita ya kunna don kada sanyi ya shige ta. Yakan ce mini, in Ticha, wato Andrawus, ya dawo ya faɗi kalma ɗaya a gaban mutane, shi ke nan, an wanke shi. In kuwa har Ticha ma ya yarda ɓarawo ne, to ba sauran abin da zai tsaya yi a garin nan. Na ce masa ya sayar da ita ya huta, ko kyauta aka ba yaran yanzu irin wannan sai sun yi yanga. Ya kalle ni kamar na zagi mahaifinsa.

A 2017, wata Laraba da hantsi, keke napep ya tsaya a ƙofar shagonmu, Andrawus ya sauko. Da ƙyar na gane shi, rigar ta yi masa yawa. Ashe gidan Lokuwa ya zo sayarwa. Rufa'i ya miƙe har kujera ta faɗi. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka yi ta'aziyyar Baba Elkana, aka yi ta Inna Hajjo. Masu shagunan layin suka fara matsowa, don kowa ya san abin da ake jira. Rufa'i ya shiga ya ɗauko ta, ya warware bargon, ya nuna ledar notuna a bayanta. Ya fara bayani, yana rantsuwa, abin da bai saba ba.

Andrawus ya ɗaga masa hannu. Ya juya ya fuskanci mutanen, ya ɗaga murya irin ta aji.

“Ku ji da kyau. Ni na shiga gidana kafin kowa ya dawo. Na ga bango. Rami huɗu, ba wanda ya fashe, ƙasa kuma an share. Tun ranar na san hannun waye. Ɓarawo ba ya shara. Malam Rufa'i ba ɓarawo ba ne, duk wanda ya faɗa ya ɗauki alhaki.”

Sai aka hau gyaɗa kai. Waɗanda na yi faɗa da su a baya su ne suka fara cewa ai dama su sun sani. Ni kam na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Rufa'i ya dafa ƙofa yana ta alhamdu lillahi. Da mutane suka watse, ya shigar da baƙonsa ciki, ya leƙo ya ce in kawo musu ruwa. Na kawo, ban kuma fita ba, su ma ba su ce in fita ba.

Rufa'i ne ya ja maganar. Ya ce to tunda ka sani tun farko, Ticha, me ya hana ka ɗaukar wayata, shekara kusan uku ina kwana da abin nan. Andrawus ya ce a bar shi, ya wuce. Rufa'i ya nace. Na sha gaya masa nacinsa zai kai shi inda ba ya so.

Andrawus ya daɗe yana juya kofin a hannunsa, sannan ya faɗa. Ranar da aka shigo gari yana makaranta, harbi ya raba shi da gida, ya bi ɗalibai suka hau dutse. Matarsa Margret ce a gida da yara da tsohon. Ba ta iya ɗaukarsa ba. Sai ta shigar da shi ɗan ɗakin ajiyar dawa da ke bayan kicin, ta ajiye masa jarkar ruwa da abin da ya samu na ci, ta jera itace a ƙofar, tana ganin kwana biyu za a yi a dawo. Da sojoji suka buɗe hanya, Andrawus na cikin na farkon shiga. Ya tarar da mahaifinsa da sauran numfashi, jarkar ta daɗe da bushewa. Ya kai shi asibiti a Yola, ya yi 'yan kwanaki yana magana sama sama, ya cika.

“Margret ya ce masa, Baba, ko wa ya shigo kar ka amsa, sai in ka ji murya wanda ka sani,” in ji Andrawus. “A asibiti ya gaya mini, bayan masu karya ƙofa sun tafi, ruwa ya kusa ƙarewa, wani mutum ɗaya ya shigo falo. Ba ya magana. Yana aiki a hankali, ƙarfe yana ƙara kaɗan kaɗan. Baba ya toshe bakinsa da hannu. Ya ce yana ta addu'a mutumin ya yi ko tari ne, ya ji ko na gida ne. Ya ji an ɗauki tsintsiya an yi shara, an fita.”

Can Rufa'i ya tambaya, da wata murya da ban san shi da ita ba, ko tsohon ya san shi ne.

“Ban gaya masa ba,” in ji Andrawus. “Kai ma ban so in gaya maka ba, shi ya sa ban ɗauki waya ba. Ban riƙe ka a zuciya ba, Malam Rufa'i, Allah ya sani. Tsoro ne ya hana ka sallama, tsoro ne ya hana shi amsawa. Amma in na ga sunanka a waya, sai in ga bangon nan.”

Tsakanin falon da ɗakin dawar bai fi tsakanin shagona da bakin titi ba, na san gidan. Kuma a kwanakin Rufa'i yana da rijiya a gida, yana da baro, yana jinyar tsohuwa ɗaya, ƙara tsoho ɗaya ba zai gagare shi ba. Ba wanda ya faɗi wannan a cikinmu, amma duk mun san shi muke tunani.

Andrawus ya miƙe. Ya ce a sa masa filasmar a keken, ba don yana buƙatarta ba, sai don kada ta ƙara kwana a shagon. Rufa'i ya ɗauka ya kai da kansa, ya gyara mata zama, ya sa kwali a gefe don kada ta bugu. Suka yi musabaha, keken ya tafi.

Da la'asar labari ya zaga Yelwa cewa Ticha ya wanke Rufa'i. Mutane suka yi ta zuwa taya murna, har wani Alhassan mai shagon siminti, wanda ya fi kowa yaɗa maganar baro, ya ce gobe a zo a kafa masa sabuwa mai inci hamsin a falonsa. Rufa'i yana miƙa hannu yana cewa na gode, na gode. Da suka ragu na zagaya na zauna kusa da shi a benci, na ce masa rashin sani ya fi dare duhu, ba laifinsa ba ne. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Har aka kira magariba bai tashi ba.

“Mu'azu,” ya ce, “da an bar ni da sunan ɓarawon nan, da ya fi mini sauƙi.”